Sabuwar Fuska, Tsohon Inji: Kwaskwarimar Manyan Motoci a Maiduguri

A garejojin Maiduguri, Land Cruiser ƙirar 2008 kan shiga da tsohuwar fuska, bayan ƴan kwanaki ta fito da kamannin ƙirar 2016. Kanikawa na kwance bambar gaba da ta baya, su cire fitilu da ragar gaba, sannan su ɗaura sababbin kayan da akasari ake shigowa da su daga Sin ko Dubai.

Kwancewar ce ke buƙatar haƙuri. Zafin garin, wanda kan haura digiri 40 a watan Afrilu, yana busar da ƴan maƙalan roba da ke riƙe da bamba, har su riƙa karyewa da an taɓa su. Mai gaggawa kuwa kan tsinke wayoyin fitilu da na'urorin gargaɗin fakin. Mafi muni shi ne a yanke ƙarfen da ke bayan bamba domin sabuwar ta zauna daidai, alhali shi ne ke tare bugu idan aka yi karo.

Ga hadimin da maigida ya aika sayen mota, akwai abin lura. Ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024 ta nutsar da motoci da dama a birnin, kuma kwaskwarima na iya rufe tabon ruwa kamar yadda take rufe shekaru. Lambar shasi da takardun kwastam dai ba sa canzawa da bamba. A nan ake duba ainihin shekarar motar kafin a yi ciniki.