FASHIN BAƘI: Yadda littafin hotuna ɗaya kan Japan ke zama darasin mako guda ga yaran da ke karatu a gida

A ƙasar Amurka doka ta bai wa iyaye damar karantar da 'ya'yansu a gida maimakon tura su makaranta, kuma tun shekarar 1993 ake da wannan dama a dukkan jihohi 50 na ƙasar. Lokacin annobar korona lamarin ya ƙara bunƙasa. Alƙaluman hukumar ƙidayar jama'a ta ƙasar sun nuna cewa gidajen da ke karantar da yara da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin 100 a farkon annobar zuwa kashi 11.1 kafin ƙarshen 2020.

Tambayar da ke gaban waɗannan iyaye ita ce: me za a koyar, kuma da wane littafi? Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka samu karɓuwa ita ce a ɗauki littafin hotuna guda, a gina darussan mako a kansa. Littafin da za mu yi misali da shi ya shafi Japan, kuma yana nuna alfanun wannan hanya da kuma inda take iya gazawa.

Wace hanya ce wannan?

Wata uwa mai suna Jane Claire Lambert ce ta tsara manhajar da ake kira Five in a Row, wadda ta fara fitowa a 1994. Sunan yana nufin biyar a jere. Ana karanta wa yaro littafi ɗaya kwana biyar a jere, kowace rana kuma a ciro darasi daban daga cikinsa: ilimin zamantakewa, harshe, zane, lissafi da kimiyya. Hikimar ita ce, ƙaramin yaro ba ya gajiya da labarin da ya so, kuma duk lokacin da aka maimaita masa sai ya lura da abin da ya wuce shi jiya.

A cikin littattafan juzu'in farko na manhajar akwai biyu da suka shafi Japan. Na ɗaya shi ne A Pair of Red Clogs na Masako Matsuno, labarin yarinya da jajayen takalman katako. Na biyu shi ne Grandfather's Journey, wato tafiyar kaka, na Allen Say.

Me littafin ya ƙunsa?

An haifi Allen Say a birnin Yokohama a 1937, ya koma Amurka yana ɗan shekara 16. Littafin nasa ya fito a 1993, ya kuma lashe lambar yabo ta Caldecott a 1994, wadda ake bai wa littafin hotunan yara mafi fice a Amurka kowace shekara.

Labarin kakansa na wajen uwa ne. Yana saurayi ya bar Japan a jirgin ruwa mai aiki da tururi, ya shafe mako uku a Tekun Fasifik, ya zagaya Amurka, ya ƙaunaci jihar Kalifoniya. Ya koma gida ya yi aure, ya dawo da amaryarsa suka zauna kusa da San Francisco, suka haifi 'ya. Kewar gida ta mayar da shi Japan, can kuma kewar Kalifoniya ta kama shi. Yaƙi ya zo ya rushe gidansu, kuma har ya rasu bai sake ganin Amurka ba. Jikan da ya girma ya yi irin wannan tafiya, sai ya fahimci halin da kakansa ya shiga.

Yaya makon ke tafiya?

Ranar farko taswira ce. Yaro zai nemo Japan, ya ƙirga manyan tsibiranta huɗu: Honshu, Hokkaido, Kyushu da Shikoku, sannan ya bi da yatsa daga Yokohama zuwa gaɓar yammacin Amurka.

Rana ta biyu ta harshe ce. Jika ne ke ba da labarin da bakinsa, don haka akan sa yaro ya zauna da kakarsa ko kakansa ya tambaye su inda aka haife su da dalilin barin wurin, ya kuma rubuta amsar ko ya faɗa a rubuta masa.

Rana ta uku ta zane ce. Say ya yi amfani da fentin ruwa, ya tsara hotunan kamar tsofaffin hotunan iyali. Yaro zai kwatanta hoton kakan cikin tufafin Japan da hotonsa cikin kayan Turawa. A nan ne ake shigo da origami, fasahar naɗe takarda ta mutanen Japan, a yi ƙaramin jirgin ruwa.

Rana ta huɗu lissafi ce. Tsakanin Yokohama da San Francisco ya haura kilomita 8,000. Idan tafiyar ta ɗauki kwana 21, jirgin na cin kusan kilomita 400 kowace rana. Yau jirgin sama na yin wannan tafiya cikin kimanin sa'o'i 10.

Rana ta biyar kimiyya ce: yadda tururi ke juya inji, da kuma tsuntsaye masu waƙa, domin kakan ya kasance mai kiwonsu.

Ina gizo ke saƙar?

Iyaye da dama sukan tsaya kan abin da ya fi sauƙi: rigar kimono, cin shinkafa da tsinke biyu, da naɗe takarda. Yaro zai ji daɗi, amma zai tashi yana kallon al'umma mai mutum sama da miliyan 120 a matsayin tufafi da abinci kawai. Bayan kowane shafi na littafin akwai tarihin siyasa da littafin bai fito ya faɗa ba.

Japan ta shafe fiye da shekara 200 tana taƙaita hulɗa da ƙasashen waje. Bayan sauyin mulki na 1868 ne 'yan ƙasar suka fara fita da yawa zuwa Hawaii da Kalifoniya. Tarbar da suka samu ba mai daɗi ba ce. A 1913 Kalifoniya ta yi dokar da ta hana su mallakar gonaki, a 1924 kuma Majalisar Dokokin Amurka ta rufe ƙofar shigowarsu.

A watan Fabrairun 1942, bayan harin Pearl Harbor, Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan umarni mai lamba 9066. An kwashe mutum kusan 120,000 'yan asalin Japan zuwa sansanoni, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu 'yan ƙasar Amurka ne. Sai a 1988 gwamnati ta nemi afuwa, ta kuma amince za ta biya dala 20,000 ga kowane wanda ya rage a raye. Kakan Say ya riga ya koma Japan kafin wannan lokaci, amma a can ma bai tsira ba, domin ruwan bama-bamai ya ƙone biranen ƙasar. A dare ɗaya na watan Maris 1945 an kashe kimanin mutum 100,000 a Tokyo.

Ba a cewa a ɗora wa ɗan shekara biyar dukkan wannan nauyi. Sai dai wanda ke koyarwa ya kamata ya san shi, domin idan yaro ya tambayi wanda ya jefa bam ɗin, ya samu amsa ta gaskiya daidai da shekarunsa.

Me ya sa wannan ya shafe mu?

Masu sukar karatun gida suna cewa yaro ba ya jin kowace murya sai ta iyayensa, kuma ƙasashe irin su Jamus sun haramta shi. Magoya bayansa kuwa suna cewa babu malamin da zai iya bai wa yaro ɗaya lokacin da uwa za ta ba shi. Misalin wannan littafi ya nuna cewa kowane ɓangare na da hujja, domin zurfin darasin ya dogara ne kan sanin mai koyarwa.

A arewacin Najeriya, inda korona da satar ɗalibai suka sa aka rufe makarantu na tsawon watanni, iyaye da yawa sun tsinci kansu da yara a gida ba tare da shiri ba. Hanyar ba ta buƙatar intanet ko kayan aiki masu tsada. Littafi ɗaya, taswira, takarda da dattijon da zai ba da labarin ci-raninsa sun isa a fara.