Gawo, Shamuwa da Kuka: Asiran da Masana Ba Su Gama Warwarewa Ba

Sau da yawa idan aka ambaci abubuwan al'ajabi na halitta, sai hankalinmu ya tafi ƙarƙashin teku ko dazuzzukan ƙasashe masu nisa. Alhali kuwa a bakin gonakinmu akwai halittun da har yau suke ɗaure wa masana kai. A wannan fitowa mun zaɓo uku daga cikinsu, domin abincinmu da na bisashenmu yana rataye da su.

Iccen da ya saɓa wa sauran itatuwa

Kowane manomi daga Dosso zuwa Damagaram ya san halin gawo. Idan damana ta sauka, itatuwa suka yi kore shar, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara kamar ya mutu. Idan ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, a lokacin ne yake tofo, ya yi fure, ya ba da ƴaƴan da awaki da tumaki suke rububi a tsakiyar rani. Masana suna kiransa Faidherbia albida, kuma cikin manyan itatuwan Sahel babu wanda ya shahara da wannan ɗabi'a kamarsa.

Amfanin abin a fili yake. Ganyen da ya zuba yana zama taki daidai lokacin shuka, kuma da yake iccen ba shi da inuwa da damana, ba ya hana hatsi samun rana. Bisashen da suka sha inuwarsa da rani su ma sun bar nasu takin. A shekarun 1960, masu bincike a Bambey ta ƙasar Senegal sun auna hatsin da aka girbe a gindin gawo, suka tarar ya ninka na fili fiye da sau biyu. Kakanninmu sun riga su fahimtar haka: tarihin baka ya nuna cewa Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kafa doka mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo.

To, ina yake samun ruwa da rani? Wannan kam an gano. Saiwarsa tana nutsawa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa. A 1992 an ba da rahoton samun ƙwayoyin halittar da suke taimaka masa ƙara wa ƙasa ƙarfi a zurfin mita 34 a Senegal, sannan wani bincike na 1999 a Burkina Faso ya tabbatar da cewa ruwan ƙasa yake sha idan sama ta ɗauke.

Amma tambayar da ta rage ita ce: me ya sa yake zubar da ganye lokacin da ruwa ya wadata? Wasu masana sun ce saiwarsa ce ba ta jure ƙasa mai jiƙewa, domin iska tana ƙaranci a cikinta. Wasu sun ce yana kauce wa gasa da ciyawa da sauran tsirrai. Wasu kuma sun danganta abin da tsutsotsin da suke cin ganye da damana, ko da wani tsarin lokaci da iccen ya gada. Abin da ya ƙara rikita lissafi shi ne, gawon da aka sassabe rassansa yakan sake tofo ko da tsakiyar damana ce. Ruwa dai ba ya tsami banza, sai dai har yanzu babu bayani guda da ya gamsar da kowa.

Baƙuwar da ba ta ɓata hanya

Idan shamuwa ta sauka a kan itatuwan gari wajen watan Afrilu ko Mayu, manomi ya san lokacin gyaran gona ya yi. A nan take sheƙa, ta ƙyanƙyashe, ta cinye fara da tsutsotsi masu ɓarna. Da kaka ta yi, sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, tafiyar dubban kilomita, inda damanarsu take farawa. An tabbatar cewa tsuntsaye masu ƙaura suna amfani da rana da taurari da ƙarfin maganaɗisun duniya wajen gane hanya. Sai dai wace gaɓa ce a jikinsu take jin wannan maganaɗisu, kuma ta yaya? Ana zargin wani sinadari da ke cikin idonsu, amma muhawara ba ta ƙare ba.

Mutuwar tsofaffin kukoki

Kuka tana iya rayuwa fiye da shekara 2,000. A 2018, wani rukunin masana ƙarƙashin Adrian Patrut na ƙasar Romaniya ya bayyana cewa tara daga cikin kukoki 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu, ko manyan sassansu sun faɗi, cikin shekara 12 kacal. Dukkansu a kudancin nahiyar suke. Daga ciki har da wadda ake kira Panke a Zimbabwe, mai kimanin shekara 2,450, wadda ta faɗi tsakanin 2010 da 2011. Ba a ga alamar wata annoba ba, don haka suka zargi zafi da fari. A 2024 wasu masana a Afirka ta Kudu suka ƙi amincewa da hakan, suna cewa kukoki a dunƙule suna nan lafiya, kuma tsufa da wasu dalilai na daban ne suka kayar da waɗancan. Mu da muke miya da ganyenta, muke dama garin ƴaƴanta, wannan gardama ta shafe mu.

Abin da ya rage gare mu

Rashin sanin asirin abu ba ya hana a kula da shi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka koma barin tsiron itatuwa a gonakinsu suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, kuma gawo yana kan gaba cikin itatuwan da suka dawo.

Saboda haka muna kira ga iyaye da su riƙa tafiya da yara gona, su nuna musu tsiron gawo don kada garma ta bi ta kansa, su hana su jifar sheƙar shamuwa, su kuma daina zage wa kuka ganye ƙaf. A ƙarfafa musu gwiwar lura da tambaya, su rubuta ranar da gawon gonarsu ya zubar da ganye da ranar da shamuwa ta iso kowace shekara. Da irin wannan rubutu na haƙuri ne masana suke fara aikinsu. Allah ya ba mu damana mai albarka.