Yadda zurfin ƙugiya ke yanke wa masunci rabo a ruwayen Kontagora

Idan bazara ta kankama a ƙasar Kontagora da ke Jihar Neja, masu kamun kifi da ƙugiya kan yi kukan cewa kifi ya ƙaurace. Sau da yawa kifin yana nan, sai dai ya sauya zurfin da yake zama, ƙugiyar kuwa tana kwance a ƙasa inda babu mai ganinta.

Wannan ya fi fitowa fili a ruwa mai zurfi da ba ya gudu, irin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, kuma ya yi iyaka da ƙaramar hukumar Magama ta masarautar Kontagora.

A watannin zafi, rana kan ɗumama saman tafki, yayin da na can ƙasa ke zama da sanyi. Da yake ruwan ɗumi bai kai mai sanyi nauyi ba, sai ya tsaya a bisa, su daina gauraya. Ganyaye da sauran abubuwan da ke ruɓewa a ƙasa kan cinye iskar da kifi ke shaƙa, don haka yawancin kifaye sukan haura tsaka-tsaki, inda akwai iska kuma zafi bai tsananta ba. Wannan rabuwa na daga cikin abubuwan da masana suka daɗe suna nazari a cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa.

Hanya biyu ake bi wajen tsayar da abincin ƙugiya a tsakiyar ruwa. Ta farko, wadda masunta suka saba da ita a fatsa da mamari, ita ce a rataya ƙugiya daga gora ko soson da ke yawo a sama, tsawon zaren ya zama ma'aunin zurfi. Ta biyu ta yi fice a Ingila wajen masu farautar kifin kaf: a jefa dalma ta zauna a ƙasa, a ɗaura mata dogon zare mai ƙugiya da ɗan guntun soso, sai soson ya ɗaga ƙugiyar har zurfin da ake so.

A duka biyun, matakin farko shi ne auna zurfin wurin da igiya da dutse. Daga nan sai a jera ƙugiyoyi a zurfi daban-daban, a lura da wadda kifi ya fara taɓawa, a mayar da sauran daidai da ita.

Kifin kaf baƙo ne a Najeriya. An shigo da shi gonar kifi ta Panyam a Filato cikin shekarun 1950, kuma ba shi ne ke cika kwandunan masuntan Neja ba. A nan dabarar ta fi amfani ga tsage da giwan ruwa, masu bin ƙananan kifaye a tsakiyar ruwa. Tarwaɗa kuwa tana iya shaƙar iska daga waje, saboda haka ƙarancin iska a ƙasa bai cika korarta ba. Haka nan a kogin Kontagora, inda ruwa ke gudu, ko lokacin hunturu da iska ke gauraya tafki, bambancin yakan ragu ƙwarai.

Amfanin dabarar bai tsaya ga kamun yini ɗaya ba. Masuncin da ƙugiya ta ƙi shi yakan koma ga raga mai ƙananan idanu, wadda ke kwashe har 'ya'yan kifi, ta kashe kamun baɗi. Ƙugiya kuwa girmanta ne ke zaɓen kifin da za ta kama, matuƙar an tsayar da ita inda kifin yake.