Ɗakin Karatu Na Jama'a: Aikin Da Zai Yi Wa Manomi Da Ɗalibi A Ƙasar Kauru

Idan damina ta kankama, ka je kasuwa a Kauru ko Damakasuwa, ka tsaya gaban rumfar mai sayar da maganin feshi. Ba za ka daɗe ba sai ga manomi ya zo da ganyen masara a hannu, duk tsutsa ta huhhuda shi. Mai rumfa ya ɗauko kwalba ya miƙa masa. Manomin ya jujjuya ta, ya ƙura wa rubutun jikinta ido, ga shi ƙanana kamar ƙwayar gero, ga shi da Turanci. A cikin rubutun nan aka faɗi yawan maganin da za a zuba a tankin feshi, da kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin gonar, da abin da za a yi idan ya fantsama a ido. Har launin da ke gindin takardar magana ce: ja guba ce mai tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, kore ne mafi sauƙi. Manomin bai san haka ba, mai rumfa kuwa ciniki ne a gabansa. Sai ya biya, ya jefa kwalba a aljihu, ya je gona ya auna da ka.

Amsar da bawan Allahn nan yake nema tana nan a rubuce, a tafin hannunsa ma. Abin da ya rasa shi ne wurin da zai shiga ba tare da ya biya ko kwabo ba, ya tarar da wanda aikinsa ke nan ya karanta masa, ya fahimtar da shi. Wannan wuri shi ne ɗakin karatu na jama'a, wanda aka fi sani da laburare.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka laburare wurin 'yan boko ne, inda ɗalibi ke fakewa idan jarrabawa ta matso. Wannan ɓangare ɗaya ne kawai na aikinsa. Tun shekarar 1949 Hukumar UNESCO ta fitar da takardar manufa kan ɗakunan karatu na jama'a, aka sabunta ta a 1972 da 1994 da 2022. Jigonta bai sauya ba: ƙofa a buɗe ga kowa, yaro da babba, mace da namiji, ko wane yare mutum yake ji, ko wane addini yake bi, kuma da kuɗin hukuma ake tafiyar da shi.

Ba baƙon abu ba ne a Arewa

Kakanninmu sun san ɗakin karatu. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe ƙananan ɗakunan karatu a garuruwan En'e domin jama'a su riƙa samun labarin yaƙi. A lokacin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta riga ta shiga gari. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, goma su saurara.

A 1952 gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban ɗakin karatu a Kaduna domin ya tallafa wa na En'e-En'e. Wata dabarar da aka yi amfani da ita ita ce akwatin littattafai: a cika akwati a Kaduna, a aika da shi lardi, idan an karance a mayar a karɓo wani. A cikin waɗannan shekaru ne aka tashi haiƙan da Yaƙi da Jahilci, Hukumar NORLA a Zariya tana buga ƙananan littattafai masu araha da jaridun larduna irin su Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano da Zaruma ta Sakkwato. Masu wannan aiki sun gane abu guda: wanda ya koyi karatu da girmansa, in bai sami abin karantawa ba, karatun gudu yake yi.

A 1963 wani masani daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto kan buƙatun Arewa ta fuskar ɗakunan karatu, a 1968 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen horar da ma'aikatan laburare. Da aka ƙirƙiro jihohi a 1967, sai aka raba kayan babban ɗakin karatun Kaduna tsakanin jihohin Arewa shida, kowa ya ci gaba da nasa.

A yau Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kaduna tana da hedikwata a Kaduna, da rassa a garuruwa irin su Zariya da Kafanchan. Kafanchan ta cancanci nata, domin mahaɗar jirgin ƙasa ce tun 1927, ga reshen Jami'ar Jihar Kaduna, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya a kusa, ga makarantar koyon aikin jinya. Amma mutumin Geshere ko Kwassam ko Bital, kafin ya kai Kafanchan ko Zariya, ya kashe kuɗin mota ya kuma ɓata yini. Ba wanda zai yi wannan tafiya don ya ari littafi ɗaya. Idan ana so aikin ya kai ga mutanen Kauru, dole a kawo shi kusa da su.

Manomi da tambayoyinsa

Ƙasar Kauru ƙasar noma ce, masara da dawa da shinkafa da rake. A 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara a Nijeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka take. Tana shigewa can cikin tsakiyar masara ta ɓuya, ta bar kashi mai kama da garin katako a kan ganye. Wanda ya san halinta yakan zaga gonarsa tun masara tana ƙarama, ya yi feshi da sassafe ko da yamma, ya saita bakin feshin cikin tsakiyar shukar. Wanda bai sani ba ya yi ta watsa magani a saman ganye da tsakar rana, kuɗi su ƙare, tsutsa tana nan. Haka a 2023 wata cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, manoma suka tafka asara mai yawa.

Ga shi kuwa ilimin bai yi nisa ba. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta fitar da ire-iren masarar da ake kira SAMMAZ, akwai kuma cibiyar NAERLS da ke buga ƙasidun wayar da kan manoma. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Ɗakin karatu shi ne zai tattaro waɗannan, ya liƙa na liƙawa a bango, ya gayyato malamin gona kafin saukar ruwa ya zauna da manoma su yi tambaya a ba su amsa.

Wani zai ce, to wanda bai iya karatu ba fa? An gwada, an ga amfani. A 1981 Farfesa Olabimpe Aboyade ta Jami'ar Ibadan ta buɗe wani ɗan ɗakin bayanai a ƙauyen Badeku, inda akasarin mutane ba su yi boko ba. Suka riƙa zuwa da tambayoyinsu kan taki da lafiya da neman aiki, ana nemo amsa a faɗa musu da harshensu. Matambayi ba ya ɓata, muddin akwai wanda zai tambaya.

Ɗalibi da kwamfuta

Tun 2015 Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta. Ka ɗauki yarinyar da ta gama sakandare a ƙauye, ta haddace darussanta tsaf, amma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba. Ranar jarrabawa ta ɗora hannu kan linzami, 'yar kibiyar nan ta yi ta zille mata, tana neman inda za ta danna, agogo a saman allo yana ta cin lokaci. Na kusa da ita, ɗan birni, ya kai tambaya ta goma. Ba ƙwaƙwalwa ya fi ta ba, sabo ya fi ta. Kwamfuta biyar da farantin sola a ɗakin karatu, da wanda zai nuna wa yara sau biyu a mako, sun isa su cire wannan fargaba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan sauƙi: teburi da kujera da haske. Yaron da gidansu ɗaki biyu ne, ƙannensa na kuka, wuta babu, yana buƙatar inda zai zauna awa biyu ya yi nazari. Ƙananan yara kuma a ware musu rana guda ta tatsuniya da karatu a bayyane, da Hausa da Turanci, har da harshen gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya saba da daɗin labari a littafi ba sai an kore shi zuwa karatu da bulala ba.

Mata da manya

Masu cewa mutanenmu ba sa son karatu ba su lura da abin da ya faru da littattafan hikaya na Kano ba. Daga shekarun 1980 marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka cika kasuwa, shagunan hayar littafi suka buɗe a unguwanni, matan aure suna aiken yara da kuɗin haya. Mutane sun biya kuɗinsu sun karanta, domin an rubuta da harshensu, kan rayuwarsu. Darasin a fili yake: ɗakin karatun da aka cika da tsofaffin littattafan da wata ƙasa ta gaji da su ta yi kyauta, ƙura ce za ta karanta su.

Nan ne kuma mazaunin ajin yaƙi da jahilci, a ware wa mata lokacinsu. Nan dattijo zai kawo takardar asibiti ko ta banki a duba masa, ba tare da asirinsa ya bazu a majalisa ba. Nan ma'aikaciyar lafiya za ta zauna da iyaye mata kan rigakafi da abincin yara.

Harsuna da tarihi

Ƙasar Kauru taska ce ta harsuna. Ban da Hausa da Fulatanci, akwai Chawai, masu kiran kansu Atsam, akwai Surubu da Rumaya da Ruruma da Binawa da wasunsu. Waɗansu daga cikin harsunan nan masu jin su ba su da yawa, yara kuma suna tasowa da Hausa. Duk tsohon da ya kwanta dama, ya tafi da waƙoƙin noma da sunayen itatuwa da labarin yadda aka sauko daga kan dutse. Wayar hannu ɗaya ta isa a naɗi muryoyinsu, a rubuta sunan gari da ranar naɗi, a adana. Haka takardun ajami da ke cikin gafakar malamai, a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Takardun Lardin Zazzau na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. A kwafo abin da ya shafi Kauru a kawo gida, ɗan Kauru ya karanta tarihinsa a Kauru.

Akwai wata fa'idar da ba a auna ta da mudu. Kudancin Kaduna ya sha ɗacin rikici, ya san zafin rashin tsaro. Musulmi yana da masallacinsa, Kirista yana da cocinsa. Ban da kasuwa da asibiti, wuraren da suke haɗa su ba su da yawa. Yara biyu da suka zauna kan benci ɗaya suna jiran layin kwamfuta, wannan ya nuna wa wancan inda zai danna, da wuya gobe wani ya zuga ɗaya a kan ɗaya.

Wa zai ɗauki nauyi?

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sa ƙananan hukumomi cikin masu alhakin ilimin firamare da na manya da na sana'a. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Abin da ake nema bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba: ɗaki ɗaya mai rufin da ba ya yoyo, kantoci, benci, sola, da ma'aikaci mai horo da sakin fuska. Ma'aikacin nan shi ne ran wurin. An sha ganin gini an yanka masa ƙyalle da kiɗa, bayan wata shida ƙofa da kwaɗo, saboda ba a tanadi albashi da kuɗin sabon littafi ba. A kuma buɗe lokacin da jama'a ke da sarari, da yamma da ranar kasuwa da rani, ba lokacin da kowa ke gona ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukumar jiha ta ba da horo da littattafai, sarakunan Kauru da Kumana da Chawai su sa baki a samu wuri, ƙungiyoyin ci gaban gari da 'ya'yan yankin da ke aiki a Kaduna da Abuja su ɗauki nauyin kwamfuta da jaridu.

Ƙauyukan nesa kuwa, dabarar tana nan tun ta kakanni. A Kenya, daga 1996, a kan raƙuma aka riƙa kai wa makiyayan yankin Garissa littattafai. Mu ma akwatinmu ya yi yawo a lardunan Arewa shekara saba'in da suka wuce, lokacin da hanyoyi suka fi na yau muni, masu karatu kuma suka fi na yau ƙaranci. Yanzu ga babur a kowane lungu. A cika akwati, a ɗaure shi a baya, ya kwana biyu a makarantar Kwassam, ya wuce Geshere, ya zagayo Damakasuwa. Ranar da yara suka fara tsayawa bakin hanya suna tambayar yaushe mai akwati zai dawo, ranar ce za mu san aikin ya kama ƙasa.