Damagaram: Yadda Tafkunan Damina Suka Zama Bakin Tekun Yara

Duk wanda ya san birnin Damagaram ya san cewa gari ne na duwatsu da ƙishirwa. Tsakaninsa da bakin tekun Legas akwai tazarar kimanin kilomita 1000, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawan Faransa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga nan suka mayar da ita Yamai a shekarar 1926. To amma duk da haka, da zarar damina ta kankama daga watan Yuli zuwa Satumba, sai ka ga garin ya samu nasa bakin ruwan, wato tafkuna da kududdufai irin su tafkin Kanya, inda yara ke yin dafifi da rana tsaka domin iyo.

Kayan wasan ba su da tsada. Jarkar roba da aka toshe bakinta, ko gora, ko robar cikin tayar mota da aka hura wa iska, su ne jirgin ruwan yaro. Wasu na tsere zuwa ɗaya gaɓar, wasu na gasar nitso a ga wanda zai fi daɗewa a ƙasa, ƙananan kuma suna gefe suna fantsama wa juna ruwa. Idan aka fita bayan gari abin ya fi haka armashi. Tafkin Gidimuni da ke kan hanyar Gure, wanda dabino da lambuna suka kewaye, ya shiga jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2019, kamar yadda tafkin Lasuri ya shiga tun 2005. Wurare ne da a wata ƙasar da tuni an mayar da su wajen shaƙatawa.

Sai dai kuma abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne, da yawa daga ruwayen cikin gari ba tafkuna ne na asali ba. Ramuka ne da aka haƙa ana ɗibar ƙasar gini da ta bulo shekara da shekaru. Saboda haka ƙasansu ba ta gangara a hankali kamar ta bakin kogi. Yaro na cikin tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya rufta wurin da ya fi tsayin babban mutum, ga laka mai riƙe ƙafa, ga ruwan ya yi jawur ba a ganin abin da ke ciki. Idan aka yi rashi, sai ka ji ana cewa 'yan ruwa ne suka ja shi, a yi ta'aziyya a watse, ramin kuma yana nan yana jiran wata daminar. A shekarun ruwa mai yawa kuwa, kamar 2024 da mamakon sama ya rushe tsohon masallacin Birni a watan Satumba, iyakar tafki da hanya ma ɓacewa take yi.

Ga kuma tsargiya, wato fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga katantanwar ruwa ta shiga jikin mai wanka ta fata. Tun daga 2004 Nijar ta fara rabon maganin Praziquantel ga 'yan makaranta, amma maganin ba rigakafi ba ne, yaron da ya sha yau ya koma tafki gobe zai sake kamuwa. Ba mu ɗauke ta cutar da ta gagara ba, domin kuwa kurkunu da ya daɗe yana kwantar da manoman yankin Mirya an ga bayansa, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar wa Nijar da hakan a 2013.

A ganinmu bulala da tsawa ba za su raba yaro da ruwa ba a garin da zafi ke wuce digiri 40 kafin saukar damina. Abin da suke yi kawai shi ne su sa ya tafi a ɓoye, a lokacin da babu babba a kusa. Hukumar ta lafiya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma matakan da take bayar da shawara a kai ba su fi ƙarfin unguwa ba: a killace ramuka masu haɗari, a koya wa yara iyo, a koya wa manya yadda ake ceto ba tare da mai ceton ya bi wanda yake ceto ba. Masuntan Gidimuni sun san ruwa ciki da bai, kuma 'yan kwana-kwana na nan cikin gari, ga masu unguwanni da ke ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Damagaram waɗanda suka san kowane rami da ke yankinsu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yulin kowace shekara domin yaƙi da nitsewa a ruwa, ranar da takan zo daidai lokacin da tafkunan Damagaram ke fara cika.