Wace Hausa Birni Ke Magana da Ita? Matsalar Harshe a Gajerun Labaran Matasan Tasawa da Mayahi

Gabatarwa

A shekarar 2016 Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai domin mata, kuma a 2021 labarin "Butulci" na Nana Aicha Hamissou Abdoulaye, marubuciya daga Nijar, ya zo na biyu. Wannan nasara ta tabbatar wa matasan ƙasar nan cewa alƙalaminsu zai iya yin gogayya da na Kano da Kaduna. Ta kuma farfaɗo da tambayar da ke damun duk matashin Tasawa ko Mayahi da ya zauna rubuta labarin birni: da wace Hausa zai rubuta? Da ta littafi, wadda aka gina bisa karin Kananci, ko da wadda yake ji a tasha da kasuwa da fadar shan shayi? Wannan maƙala za ta duba matsalar ta fuska uku, wato karin harshe da kalmomin aro da ƙa'idojin rubutu, sannan ta nuna inda ɗalibin kimiyyar harshe zai sa hannu.

Wane birni ake nufi?

Tasawa tsohon gari ne na ƙasar Katsina, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, bisa babbar hanyar da ta nufi Damagaram. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a cikinsa a farkon 1851, ya tarar da shi gari mai ciniki. Mayahi kuwa tana bakin Gulbin Kaba, akasarin mutanen gundumarta manoma ne da makiyaya. Saboda haka kalmar "birni" tana da matakai a wajen ɗan yankin. Ga yaron da ya taso a Kanan Bakace ko Maijirgi, Tasawa ma birni ce. Ga ɗan Tasawa, birni shi ne Maraɗi ko Damagaram ko Yamai. Ga ɗan ci-rani, yana iya zama Kano ko Agadas ko wani gari a Libiya da Aljeriya.

Wannan ne ya sa labarin birni a yankin yakan kasance labarin isowa: baƙo ya sauka a tasha, ya nemi masauki, ya nemi abin yi, birni ya karɓe shi ko ya tofar da shi. Gajeren labari, wanda bai cika wuce kalmomi 1,500 ba a gasanni, ba shi da filin dogon bayani. Da zarar tauraro ya buɗe baki, mai karatu yana so ya gane daga ina ya fito, ya yi boko ko bai yi ba, ya daɗe a gari ko jiya ya zo. Harshe ne ke ɗaukar wannan kaya, don haka zaɓensa yana cikin ginin labarin tun daga tushe.

Karin harshe

Daidaitacciyar Hausa ta kafu ne ta hanyar ayyukan Hukumar Fassara ta Zariya, musamman bayan gasar 1933 da Rupert East ya shirya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1980 da marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, ya ƙara dasa Kananci a kunnen masu karatu, finafinan Kano suka ɗora a kai. Matashin Tasawa da ya koyi karatun Hausa daga waɗannan littattafai yakan ɗauka cewa abin da bai yi kama da su ba kuskure ne.

Amma Hausar da ake ji a jihar Maraɗi tana cikin rukunin karuruwan yamma, kuma bambancinta da Kananci yana da tsari. Ta fuskar sauti, inda Bakano ke cewa tafi da fita da faɗi, a nan ana jin tahi da hita da hwaɗi. Ana kuma jin zamna da amre da sabka a maimakon zauna da aure da sauka. Waɗannan su ne tsofaffin siffofin kalmomin: a Kananci ne baƙin leɓe da ke ƙarshen gaɓa ya raunana ya koma u, sauyin da masana ke ambata da sunan August Klingenheben, wanda ya bayyana shi a 1928. Ta fuskar nahawu akwai munka da sunka da anka a gurbin muka da suka da aka, akwai ma a gurbin wa kafin suna (ya hwaɗa ma malam), akwai gidanai a gurbin gidansa, akwai ɗiya a gurbin ƴa.

A ɗauka marubuci yana da tsoho manomi daga ƙauyen Mayahi wanda ya zo Maraɗi neman ɗansa. Idan ya sa masa a baki, "Tun da suka tafi ba mu ji labarinsa ba," jimlar daidai ce, sai dai kowa ma zai iya faɗinta. Idan ya rubuta, "Tun da sunka tahi ba mu ji labarinai ba," mai karatu ya riga ya ga tsohon da rawaninsa da ƙurar hanya. Hanyar da ta fi sauƙin bi ita ce muryar mai ba da labari ta tsaya a daidaitacciyar Hausa, maganganun taurari kuma su ɗauki karin da ya dace da kowannensu. Sharaɗi guda shi ne daidaito: tauraron da ya ce sunka a shafi na farko kada ya koma suka a shafi na uku, sai fa idan labarin ne ke nuna yadda birni ya sauya masa harshe. Wannan sauyi kansa jigo ne mai ƙarfi, domin yaron da ya dawo daga Kano yana cewa tafi a gaban tsohuwarsa ya gaya mata abin da bai furta ba.

Kalmomin aro

Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ta raba Hausa gida biyu wajen sunayen kayan zamani, kuma birni cike yake da kayan zamani. Ɗan Tasawa yana zuwa lakwal, malaminsa mushe ne, yana rubutu a kaye, yana sayen esansi, yana jiran kura ta dawo, yana hawan kabu-kabu, yana tsoron jandarma da ƴan duwan. Takwaransa na Kano yana zuwa makaranta, yana sayen fetur, yana jiran wutar lantarki, ya san acaɓa da ƴan kwastan. Marubucin da ya share kalmomin farko ya sa na biyu don ya burge alƙalan gasa ya kwashe labarinsa daga Nijar ya kai shi wani gari da ba a san inda yake ba.

Lissafin kuɗi ya fi kowane misali nuna haɗarin. A kasuwar Tasawa dala tamma biyar ce ta sefa, dala ashirin sefa 100 ce, dala ɗari 500 ce, jikka kuma 1,000. Mai karatu a Zariya da ya ga "ya ba shi dala ɗari" zai zaci kuɗin Amurka ne, ya ɗauki talaka a matsayin attajiri, labarin ya kife. Maganin ba ya buƙatar ƙamus a ƙarshen shafi. Jimlar da ke kewaye da kalmar ce za ta bayyana ta: idan dala ɗarin ta ƙare a kan kwanon shinkafa da wake guda, kowa ya san darajarta.

Akwai kuma cuɗa Hausa da Faransanci a magana guda, kamar yadda ake Ingausa a Nijeriya. Ɗalibin lise ko ma'aikacin ofis da ke magana da tsantsar Hausa daga farkon labari zuwa ƙarshe bai yi kama da wanda muka sani ba. Sai dai a yi shi da awo: kalma ɗaya ko biyu da suka zauna daram sun isa su nuna matsayin mai magana, shafi guda na Faransanci kuwa yana korar mai karatun da aka rubuta labarin dominsa.

Ƙa'idojin rubutu

Nan ne rauni ya fi yawa, kuma dalilinsa a fili yake. Ko da yake an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, mafi yawan matasa da Faransanci suka koyi haɗa baƙi. Shi ya sa a Facebook da WhatsApp, inda sababbin marubuta ke fara sakin labaransu, ake ganin tchikin a maimakon cikin, da koudi a maimakon kuɗi, da chi a maimakon shi, bisa salon da ya mayar da Tasawa Tessaoua, Gazawa Gazaoua. Ga kuma barin haruffa masu lanƙwasa, wanda ke haɗe kafa da ƙafa, daka da ɗaka, bari da ɓari. Ga haɗe kalmomin da ya kamata a raba, kamar yace da akan inda ake nufin ya ce da a kan.

Ƙa'idojin kuwa suna nan a rubuce. Taron Bamako na 1966 ya tsara haruffa, taron Yamai na 1980 ya yi aikin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya, hukumomin ilimi na Nijar kuma suka tabbatar da ƙa'idar ƙasa a 1999. Bambancin da ya fi fitowa a ido shi ne harafin ƴ da muke amfani da shi inda Nijeriya ke rubuta 'y. Ya kamata a rarrabe abu biyu: rubuta tahi da gangan zaɓin karin harshe ne, rubuta tchi a maimakon ci kuskuren ƙa'ida ne. Mai gyaran da bai san wannan bambanci ba zai goge karin ya bar kuskuren.

Kammalawa

Tun da Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar rubutacciyar Hausa mai inganci ta ƙaru, tare da tambayar wace Hausa ce za ta shiga littattafan makaranta. Idan marubutan Tasawa da Mayahi suka yi ta kwaikwayon Kananci kaɗai, yaran yankin za su taso suna ganin maganar iyayensu ba ta cancanci takarda ba. Ɗaliban kimiyyar harshe a jami'o'inmu, irin su Abdou Moumouni ta Yamai, suna da aiki uku a gabansu: su tattara labaran da ke yawo a wayoyi kafin su ɓace, domin taska ce ta Hausar birni ta wannan zamani, su naɗi maganar tasha da kasuwa su bayyana tsarinta, su kuma zauna da marubutan su koya musu ƙa'idar rubutu ba tare da sun kankare musu kari ba. Duk wanda zai je gida hutu a Tasawa ko Mayahi yana iya farawa da labari guda da marubuci guda.