Yaushe Ne Ake Saita Jirgi Marar Matuƙi?

Yawancinmu mun ga ƙaramin jirgin nan marar matuƙi yana shawagi a wurin biki yana ɗaukar hoto. Abin da ke riƙe shi a sama shi ne waɗansu ƙananan na'urori a cikinsa masu gaya masa ina ne arewa, da ko ya karkata. Kamar sikelin mai nama, idan allurarsu ta goce daga sifiri, duk awon da suka yi ƙarya ne. Maido da su daidai shi ake kira saiti.

Wanda ya fi bukatar lura shi ne kamfas. Ƙarfin maganaɗisun ƙasa ba ɗaya yake ko'ina ba, don haka kamfanin DJI, a littafin jirginsa Mavic Air na 2018, ya ce a sake saiti idan an yi nisan fiye da kilomita 50 daga inda aka tashe shi na ƙarshe, ko ya kwana 30 a ajiye, ko ya nuna gargaɗi. Wato wanda ya ɗauko jirginsa daga Jos zuwa Kano, sai ya saita. Haka kuma in an bar shi ya tsaya amma ya dinga kewaya kamar shirwa.

Sai dai a nan ne mutane ke ɓata abin. Suna saitawa kusa da mota, ko ƙarƙashin rufin kwano, ko bisa daɓen kankare mai rodi a ciki, da makullai da waya a aljihu. Jirgin sai ya ɗauki jan ƙarfen nan a matsayin arewa, ya tashi da kuskuren, ya ƙare a kan bishiya ko, Allah ya kiyaye, a kan jama'a. A ganinmu, gara a bar tsohon saiti mai kyau da a yi sabo a mugun wuri. Tsakiyar filin ƙwallo ya fi.

Na'urar da ke auna karkata ba ta son yawan taɓawa. Ana saita ta bayan jirgi ya faɗi, ko in yana zamewa gefe alhali babu iska. A ɗora shi bisa tebur mai daidai, bayan ya huce.

Rimot kuwa, sai idan an saki sandunansa suna tsakiya amma allo yana nuna motsi. Ana kashe jirgin tukuna kafin a fara.